Amsa ga ɗalibar da ke son binciken ƙungiyoyin farar hula a yankin da aka yi yaƙi

Wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ce ta turo min tambaya, ta ce kundinta a kan "rawar da ƙungiyoyin farar hula ke takawa wajen dawo da zaman lafiya da kyakkyawan shugabanci" ne a wani yanki da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ta tara sunayen NGO, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu, guda 40, ta shirya takardar tambayoyi, amma sufabaizanta ya dawo mata da furofozal ɗin har sau biyu da jan biro wai bai ga tambayar bincike a ciki ba. Tana so ta san me ya rage.

To ƙanwata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, malamin naki yana da gaskiya. Taken naki ya riga ya ba kansa amsa tun kafin ki fita daga gida, ya ce ƙungiyoyin nan suna dawo da zaman lafiya, saura kawai ki je ki ji ta yaya. Kuma wa za ki tambaya? Shugabannin ƙungiyoyin. Ai ba wanda zai ce miki aikinsa ba ya amfani, balle mutumin da albashinsa ya dogara da rahoton da yake tura wa masu ba da tallafi duk wata uku. Za ki dawo da fom 40 duk sun cika da "mun wayar da kan jama'a", ki yi musu tebur da kaso cikin ɗari, a ba ki digiri ma wataƙila, amma ba ki gano komai ba.

Ni ma haka na fara, shi ya sa nake ganewa da wuri. Fitata ta farko na karɓo jerin ƙungiyoyi masu rajista daga wani ofishin gwamnati, na yi kusan sati uku ina bin adireshi. Wasu ofisoshin allo ne kawai rana ta cinye rubutun da kwaɗo a ƙofa, wasu kuma mutum ɗaya ne da laftof. Wata rana na gaji na zauna kusa da wani famfon burtsatse a inda 'yan gudun hijira suka sauka, sai na ga wata dattijuwa da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yage an ɗaure shi da roba. Cikinsa sunayen gidaje ne, da ranar da kowane layi zai ɗebi ruwa, da wanda ya ba da karo-karon gyara da wanda bai ba da ba, har da wasu sunaye biyu da aka ja wa layi saboda sun yi faɗa a wajen an hana su ɗiba na kwana uku. Na tambaye ta wa ya naɗa ta, ta dube ni kamar na yi tambayar wauta ta ce famfon ya lalace ne ba mai gyarawa. Wannan matar tana karɓar haraji, tana yanke hukunci, tana raba abin da kowa ke buƙata, kuma ana bin maganarta. Ba ta cikin jerina. Daga ranar na daina tambayar mutane "wace ƙungiya ce ke taimaka muku", na koma tambayar "ranar da aka yi rigima ta ƙarshe, wajen wa kuka fara zuwa".

Abin da nake so ki riƙe shi ne a wajen da aka yi yaƙi ba a rasa mai mulki, gwamnati ce dai take iya ɓacewa. Masani Ken Menkhaus ya daɗe yana rubutu a kan wannan game da Somaliya bayan faɗuwar gwamnatin shugaba Siad Barre a 1991, yadda dattawan ƙabilu da 'yan kasuwa da kotunan shari'a suka riƙa haɗa ɗan tsaro da sasanci ba tare da gwamnatin tsakiya ba. A Somaliland ma, yankin arewa da ya ɓalle daga Somaliya, taron garin Borama na 1993, wanda ya ɗauki watanni ana zaune, dattawa ne suka jagorance shi, akasarin ɗawainiyarsa kuma jama'ar wajen ne suka ɗauka, taron ne ya zaɓi Muhammad Ibrahim Egal shugaba, majalisar dattawan nan da suke kira Guurti ta zama ɓangare na majalisar dokoki. Da a ce wani ɗalibi ya je da jerin NGO masu rajista a lokacin da duk wannan ya wuce ta gabansa bai gani ba. Kuma tun 1975 Peter Ekeh ya yi bayanin cewa mulkin mallaka ya bar wa Afirka jama'a iri biyu, akwai ta gwamnati wadda mutum ke ci daga gare ta ba ya jin ya yi laifi, akwai ta dangi da gari wadda yake ba wa daga aljihunsa yana jin nauyinta. Ki karanta shi kafin ki rubuta babin ma'anar kalmomi, zai hana ki kwafo ma'anar farar hula daga littafin Turai ki manna kawai.

Sannan akwai abin da ɗalibai ke tsallakewa don yana da nauyi a baki: 'yan tawaye ma suna mulki. Zachariah Mampilly ya kwatanta ƙungiyoyin 'yan tawaye uku, Tamil Tigers a Siri Lanka, SPLA a kudancin Sudan da RCD a gabashin Kongo. A lokacin yaƙin Tigers suna da 'yan sandansu da kotunansu har da banki, amma abin mamaki gwamnatin Siri Lanka ta ci gaba da biyan albashin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya a yankunan da Tigers ɗin ke riƙe da su. Ki duba wannan da kyau, malamin firamare yana karɓar albashi daga gwamnati yana karɓar umarni daga masu yaƙar ta. To a wane layi na takardar tambayoyinki za ki sa shi? A gabashin Kongo kuma Raúl Sánchez de la Sierra ya bi tarihin ƙauyuka da wuraren haƙar ma'adinai masu yawa, ya ga lokacin da farashin koltan, wani ma'adini da ake amfani da shi a kayan lantarki, ya yi tashin gwauron zabi a shekarar 2000 masu bindiga sun je sun zauna a bakin ramukan suna karɓar haraji suna ba da tsaro, don koltan kaya ne mai nauyi ba ya ɓoyuwa. Zinare kuwa ana iya sa shi a aljihu a wuce, saboda haka da darajarsa ta tashi sai suka koma cikin ƙauyukan da masu haƙar ke kashe kuɗinsu suka kafa haraji da ɗan tsarin gudanarwa a can. Ko a Tafkin Chadi an rubuta yadda ISWAP ke karɓar haraji daga masunta da makiyaya. Faɗin wannan ba yabonsu ba ne, amma in kin cire shi daga lissafi ba za ki gane abin da ƙungiyoyin gari ke fama da shi ba, don da waɗannan mutanen suke ciniki kullum.

Nan ne binciken Kolombiya yake da amfani sosai. Ana Arjona ta nuna cewa inda gari ke da tsarin sasanta rigima da mutane suka yarda da shi kuma yana aiki tun kafin yaƙi, masu bindiga kan taƙaita shigarsu, su tsaya a kan tsaro da abin da za su karɓa, saboda sun san in suka matsa za a yi musu turjiya a haɗe. Inda tsarin ya riga ya ruɓe kuwa sai su shige har cikin rikicin gona da na aure. Oliver Kaplan shi ma ya bi kwamitocin ƙauye a can ya ga yadda wasu suka riƙa binciken zargi da kansu, in an ce wane ɗan leƙen asiri ne su ce a ba su lokaci su bincika kafin a taɓa shi, kuma hakan ya tsirar da rayuka. Kin ga irin wannan tambayar, wato ko tsarin gari na rage shigar masu bindiga, tana da amsa biyu, tana iya fitowa e tana iya fitowa a'a, shi ne abin da sufabaizanki ke nema.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wanda ba a so a faɗa a wajen bita. Taruwar jama'a a ƙungiya ba kullum take haifar da alheri ba. Ruwanda kafin 1994 tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi yawan ƙungiyoyi da haɗin gwiwar manoma, masu ba da tallafi suna yabonta, Peter Uvin ya rubuta yadda duk wannan bai hana kisan ƙare dangi ba. Sheri Berman ta nuna Jamus ta zamanin Weimar, wato kafin hawan Hitler mulki, cike take da kulob-kulob da ƙungiyoyi, 'yan Nazi ta cikinsu suka bi suka yaɗu. Ashutosh Varshney da ya kwatanta biranen Indiya, irin su Aligarh da Calicut, ya ga ba yawan ƙungiyoyi ne ke hana rikicin Hindu da Musulmi ba sai in ƙungiyoyin sun haɗa ɓangarorin biyu a ciki, kamar ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ƙwadago inda asarar ɗaya asarar ɗayan ce, su ne ke kashe jita-jita kafin ta kama wuta. Saboda haka duk ƙungiyar da kika rubuta sunanta ki tambaya su wa ke ciki, su wa kuma ba za su iya shiga ba.

'Yan sa-kai masu makami su ne suka fi rikita lissafi. Kamajo a Saliyo mafarauta ne da suka tashi kare garuruwansu daga 'yan tawayen RUF, mutane suna musu kallon jarumai, amma a 2003 kotun musamman da aka kafa kan laifukan yaƙin Saliyo ta tuhumi jagoransu Sam Hinga Norman da laifukan yaƙi, ya rasu a 2007 kafin a yanke hukunci. Civilian JTF da suka fito a Maiduguri a 2013 su ma mutanen gari da yawa za su ce miki su suka kori Boko Haram daga cikin birni, kuma akwai rahotannin cin zarafi a kansu. Farar hula ne ko ba farar hula ba ne? Ni ban damu da wanne kika zaɓa ba in dai kin faɗi dalili, abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki yi kamar ba su nan.

Akwai wani sakamako da ake yawan ambata, ki yi hattara da shi. Bellows da Miguel a Saliyo, da Chris Blattman a arewacin Yuganda, duk a 2009, sun ga mutanen da yaƙi ya fi taɓawa sun fi zuwa taron gari da jefa ƙuri'a, har yaran da 'yan tawayen LRA suka sace suka dawo. Abin ya ba mutane mamaki don ana zaton yaƙi rusa zumunci kawai yake. Amma da aka tattara irin waɗannan binciken daga ƙasashe da dama a 2016 sai alamu suka nuna haɗin kan ya fi karkata ga "namu", ba lallai ya kai ga na waje ba. Kuma kar ki manta waɗanda suka rayu kuma suka dawo su kaɗai ake iya tambaya.

To ina hujjar cewa farar hula na da amfani? Akwai, ba na so ki fita da zaton komai banza ne. Desirée Nilsson ta duba yarjejeniyoyin sulhu 83 daga 1989 zuwa 2004 ta ga waɗanda aka sa farar hula a ciki haɗarin rushewarsu ya ragu da kashi 64 cikin ɗari. Adadin nan ya shiga bakin kowa, sai dai ki tuna mai yiwuwa yaƙin da ya riga ya kusa mutuwa ne ake samun sararin gayyatar farar hula cikinsa, wato ba a tabbatar wanne ya jawo wanne ba. Matan Laberiya a 2003, Kirista da Musulmi cikin fararen kaya ƙarƙashin Leymah Gbowee, sun bi masu tattaunawar sulhu har Akara ta Gana suka zauna a ƙofar zauren suka hana su fita, a watan Agusta aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu. Majalisar addinai ta Saliyo da aka kafa a 1997 ta yi zirga-zirga tsakanin gwamnati da RUF kafin yarjejeniyar sulhu ta Lome ta 1999. A Wajir ta arewa maso gabashin Kenya mata ne irin su Dekha Ibrahim Abdi suka fara daga rikicin kasuwa har abin ya zama kwamitin zaman lafiya da ya haɗa dattawa da jami'an gwamnati. A Sudan tun Afrilun 2023 matasan unguwanni ne ke riƙe da ɗakunan agajin gaggawa da girkin taron jama'a a wuraren da manyan hukumomin agaji ba sa iya kaiwa. Ki lura ba ɗaya a cikinsu da ya faro daga kiran neman furofozal na masu ba da tallafi.

Tsarin da aka shuka daga waje kuwa sakamakonsa ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. A Saliyo an yi wani shiri mai suna GoBifo, aka raba ƙauyuka 236 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su kuɗi da kwamitoci da sharaɗin sa mata da matasa, wasu ba a ba su ba. Casey da Glennerster da Miguel suka auna bayan shekaru, gine-gine sun tsaya, kasuwa ta ɗan motsa, amma yadda ake yanke shawara a gari da wanda ke magana a taro bai canja ba. A gabashin Kongo shirin Tuungane, wanda ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, Macartan Humphreys da abokan aikinsa ba su ga wani canjin a zo a gani ba a halin shugabanci. Thania Paffenholz da tawagarta sun kasa aikin farar hula gida bakwai, daga kare rayuka da sa ido kan cin zarafi har zuwa kai agaji, suka ga kowanne yana da lokacinsa, ana tsakiyar wuta kare mutane da sa ido da matsa lamba sun fi amfani, amma kuɗi sau da yawa bitar sasanci a otal yake tafiya. Ni dai na sha zama a irin bitar nan, fuskoki ɗaya ne ke zagayawa, an san juna, a sa hannu a karɓi alawus. Séverine Autesserre ta rubuta da yawa kan yadda ma'aikatan ƙasa da ƙasa a Kongo suka sa ido kan zaɓe da manyan 'yan siyasa suka bar rikicin fili da sarauta na ƙauye yana ci.

Sai batun fita fili, wanda a gaskiya ya fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci don nan ne ake iya cutar da mutum. Inda mota ke iya kai ki lafiya nan ne inda gwamnati ke da ƙarfi, saboda haka samfurinki, wato mutanen da kika zaɓa ki tambaya, ya karkace tun kafin ki buɗe baki, ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro a babin hanyar bincike kar ki ɓoye. Stathis Kalyvas ya nuna cewa a yaƙin basasa mutane kan bi wanda ke riƙe da garinsu ne don su rayu, kuma yawancin tsegumin da ke jawo kisa daga maƙwabta yake fitowa, tsohuwar gaba ce ake biya da hannun masu bindiga. Ma'ana wanda kike wa tambaya yana auna ki fiye da yadda kike auna shi: wa ya kawo ki, motar wa kika hau, a gidan wa kika sauka. In mai gari ne ya zaɓo miki mutane za ki ji abin da mai gari ke so. In sun zaci ke ma'aikaciyar agaji ce kowa zai zama ba shi da komai, kuma ban ga laifinsu ba, an sha zuwa an rubuta sunayensu an tafi.

Tambaya mai haɗari ba a yin ta kai tsaye. Akwai dabarar jeri, ki raba mutane kashi biyu, kashi ɗaya ki karanta musu abubuwa uku ki ce su faɗi guda nawa suka taɓa yi ba tare da sun ce wanne ba, ɗaya kashin ki ƙara na huɗu wanda shi ne ainihin abin da kike nema, misali biyan haraji ga masu bindiga, bambancin matsakaicin amsoshin shi zai ba ki ƙiyasi kuma ba wanda ya tona kansa. An yi amfani da irin wannan a Afganistan. Amma tana son mutane da yawa, ɗalibar mastas da kuɗin aljihunta ba lallai ta iya ba, hira mai zurfi da mutum 30 da kika koma wajensu sau biyu ta fi miki.

Kar ki rubuta sunan kowa a littafinki, lamba za ki ba su, mabuɗin lambobin kuma kar ya yi tafiya tare da ke. Wayarki za a iya karɓa a shingen bincike a buɗe, to ki ɗauka duk abin da ke ciki an riga an karanta. Fom ɗin amincewa mai sa hannu da kwamitin ɗa'a na jami'a ke so, a irin wannan wajen shi kansa haɗari ne, takarda ce da sunan mutum a kai da ke cewa ya yi magana, ki nemi a yarje miki amincewar baki kamar yadda Elisabeth Wood ta yi a El Salbado. Rikoda kuma in kin ga mutum yana kallonta fiye da yadda yake kallonki ki kashe ta ki sa a jaka. Na taɓa yin kuskuren tambayar wani mutum ranar da aka shiga garinsu alhali ba na buƙatar labarin a bincikena, son ji ne kawai, ya ba ni labarin tas sannan ya yi shiru ya kasa tashi daga inda yake, ni kuma ba ni da abin da zan yi masa sai godiya. Abin da ba ya cikin tambayarki ki bar wa mutane kayansu. Wanda zai raka ki ya yi miki tafinta kuma ki biya shi da kyau ki tambaye shi ko yana so a ambace shi, ke za ki tafi shi zai kwana a garin, masu bincike na Bukavu a gabashin Kongo sun yi rubuce-rubuce masu zafi kan yadda ake amfani da su a manta da su.

Da ni ce ke, ga yadda zan juya taken. Zan ɗauki rigima iri ɗaya tak, misali rikicin gona ko gida lokacin da 'yan gudun hijira suka dawo suka tarar wani ya shiga. Zan zaɓi garuruwa biyu da suka yi kama da juna a girma da irin wahalar da suka sha amma aka ce ɗaya rigimarsa na mutuwa da wuri ɗaya kuwa tana kai wa ga jini. A kowanne in bi shari'o'i 15 ko 20 ɗaya bayan ɗaya: wajen wa aka fara zuwa, me ya ce, an biya wani abu, wa ya ƙi yarda ya tafi ina, hukuncin ya tsaya ko ya warware bayan damina. In tambaya kafin yaƙi wa ke yin wannan aikin, lokacin yaƙi wa ya karɓa, yanzu wa ke yi. In NGO na da tasiri za ta fito da kanta cikin labaran, in ba ta fito ba wannan ma sakamako ne da za ki iya karewa a gaban kowane kwamiti. Ki tabbatar cikin shari'o'in akwai na zawarawa da na baƙi, don wajensu ne ake ganin ko tsarin gari na kowa ne.

Jerin ƙungiyoyin nan 40 kar ki yar, ki mai da shi rataye a ƙarshen kundin, ki sa alama a gaban duk wadda wani ya ambata da bakinsa ba tare da kin fara faɗin sunanta ba. Ki sake rubuta shafi biyun farko a kan haka ki kai wa malamin naki, in ya sake dawowa da shi ki turo min abin da ya rubuta da jan biron in gani.